Daga tashar Gusau har ƙofar jirgi: yadda za ka kai filin jirgin Kano ko na Abuja da motar haya

Kusan duk wata sai wani ya kira ni, ko ɗan uwa ko abokin ɗan uwa, wai ya yanki tikitin jirgi zai tahi Umra ko makaranta Masar ko wani aiki Legas, ya za a yi shi kai filin jirgi tunda ba shi da mota kuma shatar mota daga Gusau kuɗɗi ne masu ciwo. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, bari in zuba ta nan gaba ɗaya kowa shi ɗauki wadda ta shafe shi. Ni ba ma'aikacin filin jirgi ba ne, ɗan kasuwa ne mai yawan bin hanyar, na yi ta da Golf na yi ta da Sharon na yi ta da homa, na kuma yi kuskuren da ya ishe ni.

Abin da nike fara tambayar mutum ba ranar tahiya ba ce, ƙarfe nawa jirginka ke tashi kuma daga wane gari. Daga nan ake lissafi a dawo baya. In jirgin ƙasar waje ne ana son ka kasance cikin filin awa 3 kafin tashi, in na cikin gida ne ka ba shi awa 2, don kantar awon kaya rufe ta ake yi tun jirgi bai tashi ba, kana iya ganin jirginka tsaye ta gilashi a ce maka an rufe kuma an rufe ɗin kenan, ba kamar tasha ba ce da za ka ce ma ɗan kamasho don Allah tsayar min da shi. To ka cire wannan awa 3, ka cire tahiyar cikin gari, ka cire tahiyar hanya, ka cire lokacin da mota za ta ɗauka kafin ta cika, za ka ga da kanka cewa mutumin Gusau ba ya tashi ranar da jirginshi zai tashi. Kwana ɗaya kafin ranar ake barin gida, a kwana garin da jirgin yake. Ko jirgin na ƙarfe 9 na dare ne ni dai shawarata kenan, kuma zan faɗi dalili.

Wace tasha, wane fili

Mu nan Gusau muna tsakiyar filayen jirgi ne amma kowanne da nisanshi. Akwai na Sakkwato, Sultan Abubakar III, kilomita ɗari biyu da 'yan kai ta Bunguɗu, Maru, Talata Mafara, Tureta, nan ne alhazanmu sunka daɗe suna tashi, kuma in Abuja kawai za ka je a jirgi yana da sauƙi. Mutanen Gummi da Bukkuyum wasu ma Birnin Kebbi ta fi musu, filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Namu na Gusau an aza harsashin aikinshi a 2024, Allah shi sa albarka, amma mai zuwa Jidda ko Alƙahira ko Adis Ababa a jirgin kasuwa na yau da kullum har yanzu Kano ko Abuja ce ƙofarshi. Shi ya sa zan tsaya kan waɗannan biyun.

In an ba ka zaɓi lokacin yankan tikiti, kuma bambancin kuɗin ba mai yawa ba ne, ka ɗauki Kano. Hanyar ta fi kusa, filin Malam Aminu Kano cikin gari yake ba bayan gari ba, masauki ya fi araha, kuma da wuya ka samu Bazamfaren da bai da wanda zai kwana wurinshi a Kano. Abuja kuwa filin Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 40 yake daga tsakiyar birni, wanda bai san kan garin ba sai ya kashe a taksi abin da ya fi kuɗin motarshi daga Gusau.

Daren da za ka tashi

Ka kira wani da ka sani a tasha ko ka aika yaro da yamma shi tambayo kuɗin mota na wannan satin, tun da anka cire tallafin mai a 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, abin da maƙwabcinka ya biya watan jiya ba hujja ba ne. Ka tambaya har da kuɗin kaya in kana da babbar jaka biyu, don nan ake rigima da safe. Ka ciri tsabar kuɗi tun ranar, ka canza su ƙanana, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, saboda mai adaidaita da mai ɗaukar kaya ba su da canji kuma taransifa a hanya sai sabis ya ga dama.

Takardu kuma a jikinka za su kwana ba cikin akwati ba. Fasfo, ka duba yana da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, biza, takardar tikiti a buga ta a takarda ko da tana cikin waya, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa in ƙasar da za ka tana nema. In cikin gida ne katin ɗan ƙasa ko na zaɓe ko lasin tuƙi ya isa, amma sunan da ke jiki shi zama daidai da na tikiti. Na ga wanda anka rubuta ma Muhammad Sani a tikiti katinshi kuma Sani Mamman, ya sha bayani kafin a bar shi. Duk ka sa su a ƙaramar jaka mai rataya wadda ba za ta shiga but ba, tare da caja da fawabank da magungunanka.

Ka auna kayanka gida. Ba sai kana da sikelin zamani ba, mai sayar da hatsi ko mai gas na unguwarku yana da sikeli. Tikitinka ya rubuta kilo nawa aka yarda maka, jiragen waje da yawa kilo 23 ne kowace jaka, na cikin gida sukan gaza haka, duk abin da ya hau kuɗi ne kuma a filin jirgi ba a ciniki.

A tasha

Ka yi asuba ka kama hanyar tasha, ƙarfe 6 ta same ka can. Motar farko ita ce motar mai jirgi. Dalili biyu: ita ke saurin cika, kuma ita ke ratsa Tsafe zuwa Yankara da rana lokacin da hanya ke da motoci da jami'an tsaro. Kowa a nan ya san halin wannan yankin da 'yan bindiga, Kwatarkwashi, Tsafe, Kucheri, Wanzamai, Yankara, Sheme har ka shiga Funtuwa, ba sai na tsaya bayani ba. A 2024 gwamnatin jiha har dokar hana bin hanyar ta sa daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a iyakarmu da Katsina da ta Sakkwato. Ko da doka ko ba doka, wanda ya ce maka ku tashi bayan la'asar don ku isa cikin dare ku huta kuɗin masauki, ka ce mashi ya je shi kaɗai.

Ka shiga cikin tasha ka hau motar layi, wadda 'yan yuniyan sunka rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinja. Motar bakin hanya da ke tsayawa wajen Lalan tana kiran Kano ɗaya Kano ɗaya ta fi araha da ɗan abu kaɗan, amma ba wanda ya san direban, kuma irinsu ne ke juye ka a Funtuwa su haɗa ka da wata motar da sai ta sake jiran cika. Ka tambaya da bakinka: Malam direba, kai tsaye ne ko juye za a yi? Kuma wace hanya za ka bi? In ya fara maganar wata 'yar yanke da ta fi sauri ta cikin daji, sauka.

Wace irin mota? Ƙaramar mota irin Golf ko Sharon ta fi saurin cika, homa ta fi sauƙin kuɗi amma kana iya zama awa biyu ana jiran mutum huɗu. Kuma ka lura da waɗanda ke zaune cikin mota kamar fasinja alhali 'yan cika ido ne, kana biya sai ka ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. In saura kujera ɗaya rana na yi, ku haɗa kuɗin ku biya ta ku tashi, wallahi ya fi. In da dattijo kake tahiya ka biya mashi gidan gaba shi kaɗai. Ka tsaya ka ga inda anka sa jakarka da idonka, kar a ɗora mata jarkar manja ko buhun da ke zuba.

Ga dalilin da na ce a kwana can. Shekarun baya na raka Innata, yayar mahaifiyata, za ta Umra ta Kano, jirgi ƙarfe 8 na dare. Na ce mu tahi tun jiya, ta ce "Haba ɗana, Kano ce fa ba Makka ba, mi za mu yi da kwana gidan mutane?" Na bi ta tata. Munka zo tasha ƙarfe 7, mota ba ta tashi ba sai 10 saura, mun wuce Funtuwa lafiya, kafin Malumfashi taya ta fashe, safayar kuma ba iska, yaron mota ya hau mashin da ita ya tahi neman mai faci, muna zaune gindin wata bedi Inna na jan carbi tana kallona kamar ni na fasa tayar. Mun shiga Kano ana kiran la'asar, ga gosulo a Kabuga. Mun samu jirgin, amma ita ce ta kusan ƙarshe a layi, ko abincin kirki ba ta ci ba, kuma da tayar biyu ce ta fashe da sai dai wani labarin. Da ta dawo ita da kanta ta ce "Wani karon tun shekaranjiya za mu tahi."

In Kano za ka

Daga Funtuwa hanya biyu ce. Ko a bi Bakori, Malumfashi, Dayi, Gwarzo a shigo Kano ta sabuwar jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki da Kabuga, ko a miƙe Giwa zuwa Zariya a hau babban titin Kaduna zuwa Kano a shigo ta Na'ibawa da Unguwa Uku. A tahiyata awa 4 zuwa 5 nike ba ta in ba matsala. Ka san wadda direbanka zai bi don ita za ta faɗa maka inda za ka sauka.

In ta Gwarzo kunka shigo, ba dole sai ka bi mota har tasharta ba, kana iya sauka Kabuga ka tari adaidaita sahu. Daga nan ta Tal'udu ake bi a hau titin Aminu Kano a ɓulla wajen Ƙofar Ruwa da titin Katsina, filin jirgin na can arewacin gari bayan Fagge da Sabon Gari. In ta Zariya kunka shigo kana kudancin gari ne, sai ka ratsa garin gaba ɗaya, ka ƙara ma lissafinka lokaci. Acaɓa dai babu, an hana ɗaukar fasinja a mashin cikin Kano tun 2013, adaidaita ce motar gari. Mai kaya ya ɗauki durof kawai, wato kai kaɗai, ku yi ciniki kafin ka ɗora jaka, kuma ka faɗa mashi ɓangaren da za ka, na ƙasar waje ko na cikin gida, ka tambaye shi har ina ake barinshi ya kai, don in a bakin get zai aje ka akwai 'yar tahiya da kaya a hannu. Kalmar eyafot kaɗai tana ƙara kuɗi, da sun ji ta sai su ɗauka Alhaji ne da riyal a aljihu, saboda haka ka tambayi wani ɗan gari abin da ake biya kafin ka tsayar da kowa.

Masauki ka nemi na kusa, wajen titin Katsina ko Fagge ko hanyar filin jirgin kanta. In jirginka na asuba ne ko tsakar dare, to tun da rana ka karɓi lambar mai taksi ku yi magana shi zo shi ɗauke ka, don an taɓa sa dokar hana adaidaita yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a 2022, kuma ko ba ita ba samun abin hawa ƙarfe 3 na dare da akwati biyu ba wasa ba ne. Wani abin sha'awa, wanga fili shi ne mafi tsufa a ƙasar nan, a Kano jirgin sama ya fara sauka Najeriya a 1925, to ka ga ba yau mutanenmu sunka fara wannan zirga-zirgar ba.

In Abuja za ka, nan ne aikin yake

Hanya ita ce Funtuwa, Giwa, Zariya, Kaduna, sannan Abuja. Daga Kaduna kana da zaɓi biyu, ko ka ci gaba da mota ko ka hau jirgin ƙasa, kuma kowanne da inda ake kuskure.

Bari in fara da mota. In ka samu mai zuwa Abuja kai tsaye daga Gusau ka ba ta yini guda, awa 7 zuwa 9 ya danganta da aikin titi da shingayen bincike da tsayawa salla da cin abinci. Za ku wuce Kaduna, Kateri, Jere, Tafa, Sabon Wuse, ku zo Zuba. To a nan ka buɗe kunne: in filin jirgi ko masaukin kusa da shi za ka, Zuba za ka sauka. Kar ka bari a shiga da kai cikin gari. Karon farko da na je ban sani ba, na zauna har Jabi ina jin daɗi wai na iso Abuja, ashe na baro hanyar filin a baya, sai da na biya taksi ya dawo da ni ta Lugbe cikin gosulon yamma, kuɗin da na ba shi har yau in na tuna sai na yi tsaki. Daga Zuba motocin Gwagwalada za ka nema ka ce Giri za ka sauka, a Giri ne titin filin jirgi ya rabu da titin Lakwaja, daga nan ka hau mai shiga gari ta Lugbe, za ku wuce jami'ar Abuja, ka ce a sauke ka kwanar eyafot. Babban titin sunanshi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya balle ya shiga filin kuma Bill Clinton, amma ba mai kiransu haka a mota, kwanar eyafot kawai za ka ce. Daga kwanar akwai ƙananan motoci masu shiga ciki, kar ka ce za ka taka da ƙafa, da nisa kuma akwai tolget a gaba. Hawa uku kenan daga Zuba, in kayanka masu nauyi ne ko kana da tsoho ko mai goyo, ka yi cinikin durof ɗaya tun daga Zuba a wuce wurin, ka tabbatar kun yi magana wa zai biya kuɗin get.

Abuja akwai 'yan wan cans, masu mota kamar ta haya da fasinjan bogi a ciki, su ɗauke ka su kwashe waya da kuɗin asusu. Maganinsu shi ne ka hau mota inda ake lodi a tasha, ba wadda ta tsaya maka ita kaɗai a bakin titi ba, balle da magariba. In kana da manhajar kiran taksi irin Bolt ko inDrive a waya ka duba farashi ko da ba za ka kira ba, zai ba ka ƙarfin ciniki, in ka kira kuma ka duba lambar mota ta yi daidai da ta waya kafin ka shiga.

Sai jirgin ƙasa, wanda ni shi na fi so in lokaci ya yi daidai. Layin Kaduna zuwa Abuja an buɗe shi a 2016, kilomita 186, yana tashi daga Rigasa ya tsaya Kubwa ya ƙare a Idu. Motar Gusau za ta aje ka Kawo ko Mando, daga nan ka ɗauki keke ka ce tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, ta baifas ake bi a shiga ta Bakin Ruwa, kuma Rigasa akwai cunkoso, ka ba ta lokaci. Tikiti ta intanet ake saye a manhajar hukumar jiragen ƙasa, da lambar NIN ɗinka, kuma a ƙofa ana duba sunan da ke tikiti da katinka, wannan tsaurin ya ƙaru ne bayan harin watan Maris na 2022 da ya sa anka dakatar da jirgin sai Disamba ya dawo. Kujeru na ƙarewa da wuri musamman Juma'a da Lahadi da Litinin, ka saya da zarar an buɗe sayarwa, kar ka dogara da wanda zai ce maka yana da hanya a bakin tasha. Kuma ka duba jadawalin ranar da kanka, sawun jirgin ba su da yawa, akan canza lokaci, akan ma dakatar da shi in an samu matsala a layi. Matsalar mutumin Gusau ita ce ko ka tashi da motar farko sai wajen azahar kake shiga Kaduna, jirgin safe ya riga ya tahi, saboda haka na rana za ka nema, in babu a ranar sai ka kwana Kaduna ka bi na safe, ko ka koma mota. Kar ka yanki tikitin jirgin ƙasan da tazararshi da isowarka ba ta kai awa biyu ba.

Daɗin abin yana Idu. Kar ka sauka Kubwa, ka zauna har ƙarshe. A Idu layin Kaduna ya haɗu da ƙaramin jirgin cikin birnin Abuja, wanda anka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, anka sake tada shi a watan Mayu na 2024. Layin ya taso daga tashar Metro ta tsakiyar gari ya biyo ta filin wasa da Kukwaba da Wupa ya zo Idu, daga Idu sai Bassanjiwa sai filin jirgi, tasha biyu kenan, kuma tashar ƙarshe dab da ginin matafiya take, kana sauka sai ka ja jakarka. Ba gosulo ba tolget ba ciniki. Illarshi ɗaya, ba kowane lokaci yake tashi ba, sawu ƙididdigaggu ne a yini, kana sauka ka tambayi ma'aikaci mai riga ƙarfe nawa na filin jirgi zai zo, kuma ka tabbatar ɓangaren da ka tsaya na mai zuwa filin ne ba mai shiga gari ko mai zuwa Kubwa ba. In ya ce sai bayan awa biyu kuma kai gobe ne jirginka, zauna ka jira abinka. In yau ne, fita waje akwai taksi, ka yi ciniki.

Wurin kwana a Abuja, Lugbe da unguwannin da ke kan titin filin sun fi dacewa da aljihun talaka kuma kana bayan gosulo ba gabanshi ba. In ɗan uwanka a Nyanya ko Mararaba yake, ka gaishe shi a waya kawai, wancan gefen gari ne gaba ɗaya, safiyar Litinin daga can zuwa filin jirgi sai ka yi kuka. Wanda ke cikin gari kuma ya je tashar Metro ya hau jirgin, ko ya hau motocin Lugbe daga Eriya Wan.

Cikin filin

Kana isowa masu kura za su taso, Alhaji kawo Hajiya kawo, in kana so ku yi magana kan kuɗi tukuna. A ƙofa za a nemi tikiti da kati, a saka kaya a na'ura. Mai rakiya galibi nan zai tsaya, saboda haka duk sallama da addu'a da saƙon a gaida wane a gama su waje. Ka nemi kantar kamfanin jirginka, allon sama na nunawa, in ba ka gane ba ka tambayi mai kaki ko mai kati a wuya, banda ɗan sa-kai da zai ce kawo fasfo in taimaka maka. Fasfonka kar ya bar hannunka sai ga wanda ke bayan kanta. Za a auna jaka, a liƙa mata takarda, a ba ka ɗan guntun sitika mai lamba, ka adana shi don shi ne shaidarka in kaya ya ɓata, ka kuma duba jakunkuna nawa anka rubuta da sunanka, in ɗaya ka ba da ɗaya za ka gani.

Wannan maganar ta jaka ba ƙarama ba ce. Kar ka karɓi saƙon kowa a tasha ko a filin jirgi, ko tsohuwa ce tana haɗa ka da Allah wai magani ne za a kai ma ɗanta a Madina. Ko na ɗan uwa ne ka buɗe ka gani gabanshi. Saudiyya hukuncin ƙwaya kisa ne, kuma an sha kama mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba. Goro ma an hana shiga da shi can, duk shekara sai hukumar alhazai ta yi gargaɗi kuma duk shekara sai an samu mai ɓoye shi cikin garin tuwo.

Jakar hannu ba a shiga da ruwa ko turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100, ba wuƙa ba almakashi ba reza, 'yar askar yankan farce ma sai a karɓe. Man shanu da zuma da yaji in za ka kai ma ɗalibai tsaraba su shiga babbar jaka a ɗaure da leda biyu. Fawabank kuma akasin haka, a hannu ake riƙe shi ba a sa shi cikin kayan awo. In waje za ka akwai teburin shige da fice da za a buga maka hatimi, sannan ka wuce ɗakin jira, ka duba lambar ƙofa a katin shiga jirgi ka zauna kusa da ita don sanarwar lasifika ba kullum ake jin ta da kyau ba. Akwai masallaci, ka yi sallarka ta kasaru tun kafin a fara kira. Abinci da ruwa a ciki tsada gare su, ka ci ka ƙoshi tun waje.

Jirgi na iya jinkiri, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe Kano, wani lokacin a ɗaga shi zuwa gobe, saboda haka kar ka kashe kuɗinka tas ka shiga fili da aljihu wayam, ka bar na kwana ɗaya da na abinci.

Dawowa kuma lissafin nan ne a juye. In jirginka ya sauka bayan azahar a Abuja, ko bayan la'asar a Kano, kar ka ce sai ka kwana gida yau, don duk yadda direba ya taka duhu zai same ku kafin Tsafe. Ka koma masaukin da ka kwana ran tahiya, shi ya sa nike karɓar lambarsu in aje, ka kira gida ka ce ka sauka lafiya sai gobe da azahar in sha Allahu, da asuba ka kama hanyar tasha ka nemi motar farko.